Rakiyar Sake-Faɗi Zuwa Maraɗi

Tun da na dawo ban zauna da daɗi a rumfar Garba tela ba. Da na ɗora ɗuwawu a benci sai a ce, "Malam Audu, yaya ƙasar Faransi?" In na fara, sai wani ya faɗo a tsakiya ya ce a koma masa farko. Bulus mai gyaran keke kuwa ya riga ya baza a kasuwa wai an ɗaure ni a kan iyaka, Bature ne ya yi belina. To ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, in huta. Ba a ɗaure ni ba, Bulus. Abin da ya same ni a wurin dai, da ɗaurin aka yi da ya fi mini sauƙi.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin elemantare ne a nan Lafiya. Alago ne ni, a Keana aka haife ni, a nan na girma. Hausa a kasuwa na fara tsintar ta, makaranta ta goge mini ita. A kan allo na san inda "ya" take da inda "ta" take, har ina tsawata wa yara a kai. Amma in hira ta yi daɗi, sai bakin Lafiya ya dawo, mace da namiji duk su zama "ya". Mu nan wa ya damu?

Gab da hutun makaranta wani Bature ya sauka garin nan. Ba Di'o ba ne, ba na mishan ba, ba kuma na kanti ba. An ce malami ne a wata babbar makaranta a Ingila, aikinsa binciken harshe. Dogo ne siriri, kunnuwansa jajaye kamar an murɗe su. Yana jin Hausa sosai, sai dai kome ka faɗa masa, ko da "sannu" ce, sai ya karkato kunne ya ce, "Sake faɗi." Kafin kwana uku matan kasuwa sun raɗa masa suna Sake-Faɗi. Yana yawo da wani akwati mai nauyin tsiya wanda ke ɗaukar magana ya mayar da ita yadda aka yi ta.

Ya ji ni ina ciniki a wurin masu doya, ya biyo ni har gida. Kwana uku ina zuba masa labarin iyalina da gonata a bakin akwatin nan. A rana ta huɗu ya ce ko zan raka shi Kano, daga can mu wuce Maraɗi. Na zo rumfa ina taku ɗai-ɗai, na ce mutumin nan ya zaga Arewa kaf bai sami mai Hausa irin tawa ba. Garba ya cire allura daga baki ya ce, "Kai ɗin?" Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

Uwata ta ɗaure mini doya huɗu a buhu, ta ce kada in je ƙasar gero in rame. Jirgin da aka ce zai iso da hantsi, sai bayan la'asar ya shigo tasha yana nishi. Bature ya shige taragon gaba mai katifa, ni na shiga gama-gari da akwati a cinya, don ya ce ko kusa kada ya taɓa ƙasa. Wata mata Tibi da ke gefena ta ga cinyata ta riga ta zama tebur, sai ta ɗora kazarta a kai. Wani ɗan kasuwa Ibo kuma ya rantse keken ɗinki ne nake ɓoyewa, ya yi ta tayawa har Gudi. Kowace tasha muka tsaya, sai ga Sake-Faɗi a guje ya leƙo ta taga: "Yaya akwati?" Sai ya juya zai tafi ya tuna, ya ce, "Kai fa?" A Kafanchan muka sake jirgi. Kafin mu kai Kano ƙafafuna sun mutu sun farfaɗo ban san iyaka ba.

A tashar Kano wani dattijo ya tarye mu, Malam Na'ibi, tsohon magatakardan kotun alkali, wanda ya daɗe yana aiki da Baturen. Gajere ne mai furfura, idonsa kullum kamar yana riƙe da wata dariya da bai ga dama ya sake ta ba. Na gaishe shi da Hausar da na fi ji da ita. Ya saurara har na dire, sannan ya ce, "Madalla. Wannan Hausar a jirgi ka tsince ta, ko da ita ka taso?"

Gidansa na sauka, cikin birni. Abin da ya fara ba ni mamaki, kwana biyar ina cin girkin matarsa ban ga ko gefen zanenta ba. Sai dai akushi ya fito daga bayan katanga, ya koma wayam. Na tuna tawa matar da ke tsakiyar kasuwar Lafiya tana faɗa da masu lodin gwaza, muryarta har tasha. Tuwon dawa da miyar kuka safe da yamma, fura da rana. Doyar da na kai tsaraba aka dafa ta aka barbaɗe da yaji aka kawo mini gunduwa-gunduwa. Na ce ba a kirɓa ta ne? Malam Na'ibi ya ce turmin gidansa bai saba da baƙi ba. Duk da haka matar ta iya miya, gaskiya ɗaya ce. Na sha na lashe hannu na ce, "Malam, matarka ya iya girki."

Ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Wane ƙato ne ya shiga gidana ya yi girki ban sani ba?"

A zaurensa na ga abin da ake kira bincike. Shi da Bature za su ɗauko karin magana guda, su kwantar da ita kamar mahauta sun sami akuya, su feɗe ta gaɓa-gaɓa. Wata rana tun hantsi har azahar suna kan "sannu ba ta hana zuwa": me ya sa sannu ta zama mace, kuma wa ya aurar da ita? Ni dai na ce a Lafiya da mun raba musu gardama tuntuni. Nan ne kuma na ji dalilin zuwa Maraɗi. Shekara biyu da suka wuce sun ɗauki waƙar niƙa a bakin wata tsohuwa a can. Waƙar Hausa ce, amma amshinta wasu kalmomi ne da ba wanda ya gane. Bature ya ce tsohuwar Hausa ce ta zamanin da, wadda ta ɓace ko'ina sai a bakin mata. Malam Na'ibi ya ce kirarin iskoki ne. Sun cika shafi arba'in a kan wannan, kowa da hujjarsa. Zaren akwatin da suka ɗauki waƙar a kai ya tsinke, shi ya sa za a koma.

Motar goro muka bi ta Katsina. Bature a gaba kusa da direba, ni da Malam Na'ibi a bisa huhun goro, akwati a inda kuka sani. Bayan Jibiya motar ta kafe a rairayi, aka ce kowa ya sauko ya tura. Malam Na'ibi ya sauko, ya koma inuwa, ya ce shi zai tura da addu'a.

Kan iyakar da kuke ta tambaya, ba ganuwa ba ƙofa. Sanda ce aka gicciya a hanya, da bukka, da tuta. Geron wannan gefe da na wancan duk ɗaya ne. Abin da ya sauya kawai, direba ya bar hannun hagu ya koma dama, na ɗauka barci ne ya ɗauke shi har na yi salati. Ma'aikacin da ke binciken kaya, su can duwan suke ce masa, Bahaushe ne cikin gajeren wando. Ya dube ni ya ce, "Ina ka hito?"

Na ce, "Lafiya."

"Lahiya muke so. Na ce ina ka hito?"

"Lafiya, ranka ya daɗe."

"Kai, kurma ne?"

Sai da direba ya rantse masa akwai gari mai wannan suna. Ya girgiza kai ya ce to Allah ya sa mutanen garin sun san abin da suka samu. Sannan ya nuna akwati ya ce a buɗe. Bature ya yi bayani da Faransanci, duwan ya ce shi ba bayani ya tambaya ba, in gaskiya akwatin magana ne to ya yi magana. Bature ya laluba jaka ya ɗauko zaren da hannunsa ya fara taɓawa, ya ɗaura, ya murɗa.

Muryarsa ce ta fara fitowa, da Turanci. Ku tuna ni malamin makaranta ne, ba abin da ya wuce ni. Cewa ya yi, "Lafiya, lardin Binuwai. Namiji, malamin elemantare, Hausa ba harshen uwarsa ba ce. Kyakkyawan misali na Hausar da ta zubar da bambancin mace da namiji. A lura, shi kansa bai san yana yi ba." Sai ga tawa muryar, garau, cike da jin kai: "Matata ya tafi kasuwa, uwata kuma yana gida."

Fasinjoji suka bushe da dariya. Duwan ya riƙe ciki, ya ce, "To shi Nasaran mi yac ce da farko?"

Malam Na'ibi ya ɗan tsinci Turanci a kotu, na san ya gane. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ƙarasa ni. Sai na ji ya ce, "Cewa ya yi wannan babban malami ne a ƙasarsu, harshe huɗu gare shi, kai kuwa da ni ɗaya-ɗaya." Ya kama hannun rigata ya ce mu hau mota.

Har Maraɗi magana ɗaya nake juyawa a rai. Ashe ba gwani aka ɗauko ba, abin nuni aka ɗauko, kamar ɗan maraƙi mai ƙafa biyar. Abin da ya fi cina shi ne takun da na yi a rumfar Garba.

Mun sauka gidan wani fatoma mai saukar da fataken goro, Bature ya wuce gidan baƙi na Faransawa. Da fatoman ya ji ni malamin boko ne, sai ya washe baki ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe!" Na miƙe tsaye. Na ce a rana ɗaya a mai da ni abin dariya, a kuma kira ni mushe? Malam Na'ibi ya zaunar da ni, hawayen dariya na bin gemunsa, ya ce a nan haka ake kiran malamin makaranta, girmamawa ce ta Faransanci. Kwana shida ina amsa sunan abin da ungulu ke ci. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandan makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Amma kwaɗon zogalensu da kilishinsu, wannan ban da abin cewa.

Da safe na sami Bature na ce, "Ranka ya daɗe, malami ka ɗauko ko abin kallo?"

Kunnuwan nan suka ƙara ja. Ya ce so ya yi ya ji ko bakina zai sauya in na zauna cikin Kanawa da Katsinawa, kuma da ya gaya mini da na riƙa gyarawa. Ya ce a wurinsa Hausar Lafiya ba karyayya ba ce, Hausa ce da ta yi tafiya mai nisa ta sauke kayan da suka yi mata nauyi. Na ce maganar ta yi daɗi, da ita ya sa a akwatin. Sai ya ce ya yi kuskure, in yafe. Na ce motar farko da za ta koma Katsina da ni za ta tafi. Sai dai babu mota sai bayan kwana biyu, kuma zama a gidan fatoma ana ce mini Mushe bai fi ɗaukar akwati ba. Na saɓa shi muka tafi gidan tsohuwar.

Zan kira ta Inna Alheri, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Ƙaramar mace ce, ta bushe kamar kuɓewa, tana zaune a gidan ɗanta marini. Tana ganin Bature ta tafa hannu: "Mijina ya dawo! Shekara biyu ko aike babu, yau ka zo mini da ƙarti biyu su ba ni haƙuri?" Aka kafa akwati, ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta zuba gero, ta fara. Baitocin farko na tsokana ne, tana roƙon dutse ya ji tausayinta tunda maigida ya ƙi ji. Ni ina gefe ina kallon kaji, raina a ɓace. Sai ta kai amshi.

Kalmomin sun zaizaye, sun goge kamar tsakuwar rafi, wasu sun manne da juna, amma na san su kamar yadda na san tafin hannuna. Ba tsohuwar Hausa ba ce, ba kirarin iskoki ba. Alago ne. Waƙar raino ce, wadda uwata ta goya ni da ita, ta goya ƙannena. Ban san lokacin da bakina ya kama ba. Da ta zagayo amshin karo na biyu, sai muka yi shi tare.

Dutsen ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, hannunta fari fat da gari. Na durƙusa na gaishe ta da yarenmu yadda ake gaida uwa. Ba ta iya amsawa ba, leɓenta dai na motsi.

Can ta ce, "Ɗan nan, wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Uwata, Inna. Ke wa ya ba ki?"

Ta ce ita ma uwarta. Ita tsohuwar tana ƙarama, haƙoran gaba ba su gama fitowa ba, mahaya suka kwashe su a hanyar rafi. Daga wannan hannu zuwa wancan har aka kawo ta nan, tun kafin Nasara. Sunan garinsu ya ɓace mata, har sunan da aka raɗa mata. Abin da take iya gani kawai, wata farar ƙasa da mata ke kankara, da hayaƙin tukwane. Duk wanda ya san Keana ko Awe ya san wurin dafa gishiri take faɗi. Ta ce sauran maganar duk ta zube, wannan kaɗai ta rage don kullum da ita take niƙa.

Bature ya ce, a hankali, me ya sa ba ta gaya musu ba wancan zuwan.

Ta ce, "Ma'ana kuka tambaye ni, na ce ban sani ba, kuma ban sani ba ɗin. Wa ya tambaye ni inda na samo ta?" Ta juyo gare ni. "Kai ka sani? Mi take cewa?"

Na ce, "Cewa take, yi shiru ɗiyata, uwarki ta tafi wurin gishiri, tana nan dawowa kafin rana ta faɗi."

Ta dubi garin geron da ke gabanta. Sannan ta ce, "Ashe cewa ta yi tana zuwa." Ta jawo ɗan dutsen ta ci gaba da niƙa, hawaye na ɗiga cikin gero, ba ta share ba. Ranar ce kaɗai na ga Sake-Faɗi ya ji sabuwar magana bai ce a sake ba. Ya miƙa hannu ya kashe akwatin.

Muka kama hanyar masauki. Malam Na'ibi ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Shafi arba'in, Malam Audu. Har da Larabci na sa a nawa. Ka zo ka rushe mana da waƙar raino." Bature ya tsaya tsakiyar hanya yana dariya har jakuna suka kauce masa. Ya ce in na yarda, da ni za a sake rubutawa, sunana a sama ba a cikin misalai ba. Na ce zan yi shawara. Motar Katsina dai ta zo ta tafi ba da ni ba.

Kowace la'asar sai in koma gidan, ba akwati. Takan nuna abu ta ce, "Wannan fa?" In faɗa mata sunan ruwa, da wuta, da tukunya. Wani ta maimaita a karkace in yi dariya, ta kai mini duka da muciya. Wani kuwa kafin in rufe baki ta cafe, ta ce, "Shi ne! Shi ne wallahi!" Ɗanta bai ji daɗin zuwan nawa ba. Ya ja ni gefe ya ce shi mutum ne mai 'ya'ya mata da za a aurar, ba ya so a tuna wa unguwa yadda uwarsa ta zo garin. Ban ga laifinsa ba. Na kai wa Bature maganar, ya yi alkawarin ba sunanta ba sunan unguwa a littafinsa, ni ma ga shi na kiyaye.

Ranar sallama na ce ko za ta so a kai ta ta ga ƙasar. Ta ce, "In je wurin wa? Jikokina na nan, kabarin mijina na nan. Ka dai gaishe mini da ƙasar." Ta cusa mini ƙullin kilishi, ta ce na uwata ne.

Komowa ba wani labari, sai dai a tashar Kano Malam Na'ibi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in na sake shigowa birni na sauka wani gida ba nasa ba, bai yafe ba.

Na iske uwata a tsakar gida tana ɓarar agushi. Na fara ba ta labarin jirgi da burodi, tana "uhm, uhm" ba ta ko ɗago ba. Sai na ba ta kilishin, na gaya mata wadda ta aiko, na rera mata amshin yadda tsohuwar ke yin sa. Hannunta ya tsaya.

Da yarenmu ta ce, "Ka tsaya a rabi."

Na ce iyakar abin da tsohuwar ke da shi ke nan, ni ma iyakar abin da na tuna. Sai ta rera sauran, wanda na manta tun ina yaro: ga uwa can ta dawo, ga gishiri a ganye, buɗe baki ki lasa.

Ta ce, "Wannan ba ta da shi?"

Na ce babu.

Ta ture faifan agushin, ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe tukwane. Ta fito da gishirin Keana a ƙulle cikin tsumma, ta ajiye a kan cinyata, ta tambaye ni jirgin Arewa yaushe ne. Na ce, "Iya, ranar Litinin ake buɗe makaranta. Sai dai hutu mai zuwa."

Ta ce, "Yara su jira. Ita jiran da ta yi ya isa."